Zargin Marar Laifi a Cikin Na'ura: Sharhi a kan Yadda Kmemleak ke Tace Rahotonta

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu yi sharhi a kan wata 'yar manhaja mai suna kmemleak, wadda ke zaune a cikin zuciyar babbar manhajar nan ta Linux. Aikinta shi ne farautar wata cuta da masana ilmin kwamfuta ke kira yoyon ma'adana. Abin da ya fi jan hankalinmu kuwa shi ne yadda take yi idan ta nuna yatsa ga abin da ba shi da laifi, da kuma irin magungunan da aka tanada domin wannan kuskure. Za mu fara da bayyana ma'anar kalmomin da za mu yi aiki da su, sa'an nan mu kawo tarihin manhajar da yadda take aiki, daga nan mu auna magungunan ɗaya bayan ɗaya, mu yaba inda ya cancanci yabo, mu yi suka inda muka ga rauni.

Wani zai iya tambaya, shin ina ruwan mutumin Magami ko Tsafe ko Bunguɗu da wannan batu? Amsar tana cikin aljihunsa. Tun daga 2008 da aka fara sayar da wayoyin Android, duk wayar da ke ɗauke da wannan manhaja a kan zuciyar Linux take tafiya. Haka ma da yawa daga cikin na'urorin cire kuɗi da ake gani a bakin kasuwanni. Waɗanda suka zauna a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe hanyoyin sadarwa na waya, sun ga yadda ciniki da zumunci da neman labari suka rataya a kan waɗannan na'urori. Saboda haka lafiyar zuciyar Linux ta shafi manomi da ɗan kasuwa da ɗalibi, ko da ba su taɓa jin sunanta ba.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya, sauran ƙananan manhajoji kuwa a kanta suke hawa. A tsakiyarta akwai wani sashe da ake kira kanel, wanda mu a nan muka fassara da zuciya, domin shi ke raba wa kowa lokaci da wuri. Ma'adanar aiki kuwa ita ce wurin da na'ura ke ajiye abin da take aiki da shi a halin yanzu, ana auna ta da bayit, kuma kowane gurbi a cikinta yana da lambarsa, watau adireshinsa. Idan wani sashe na zuciya ya bukaci wuri, sai ya nema a yanka masa yanki, a ba shi adireshin yankin. Wannan adireshi da ya riƙe shi muke kira manuni. In ya gama aiki, wajibi ne ya mayar da yankin domin a ba wani.

Yoyo yana faruwa ne idan manuni ya ɓace alhali ba a mayar da yankin ba. Yankin yana nan a rubuce cewa an ba da shi, amma babu sauran wanda ya san hanyar zuwa gare shi, ya zama maraya ke nan. Bari mu ƙaddara wani sashe yana zubar da bayit 256 sau ɗaya a kowace daƙiƙa. A kwana guda, wanda yake daƙiƙa 86,400 ne, zai zubar da fiye da bayit miliyan 22. Cikin kwana ɗari ya cinye fiye da bayit biliyan 2, watau daidai da dukan ma'adanar ƙaramar waya. Masu iya magana sun ce da yayyafi kogi kan cika. Abin da ya sa yoyon zuciya ya fi na sauran manhajoji muni shi ne, ƙaramar manhaja in an rufe ta zuciya takan karɓe duk abin da ta riƙe, amma ita zuciyar ba mai karɓe nata sai an kashe na'ura an sake kunnawa. Idan wuri ya ƙare, Linux takan shiga kashe manhajoji domin ta sami sarari, kuma wannan kisa ba ya dawo da ko bayit guda daga abin da ita kanta ta zubar.

Sauran kalmomi biyu su ne ginshiƙin maƙalar. Duk mai bincike yana iya yin kuskure iri biyu: ya kama wanda bai yi ba, ko ya saki wanda ya yi. Na farko shi muke kira zargin marar laifi, na biyu kuwa tsirar mai laifi. Mun guji kalmar ƙage domin ƙage yana tafiya da niyya, na'ura kuwa ba ta da niyya. Masana ƙididdiga Jerzy Neyman da Egon Pearson ne suka tsara bayanin waɗannan kurakurai biyu a rubuce-rubucensu tsakanin 1928 da 1933, suka kuma nuna cewa ƙoƙarin rage ɗaya yakan ƙara ɗayan.

3.0 TAƘAITACCEN TARIHI

Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Da harshen C aka rubuta mafi yawanta, kuma a wannan harshe marubuci ne ke neman wuri da hannunsa ya mayar da hannunsa, babu mai share masa baya. Akwai harsunan da suka sauke wa marubuci wannan nauyi. John McCarthy ya bayyana dabarar kwashe shara a harshen Lisp a 1960: a bi dukan manunai a yi wa abin da aka isa gare shi alama, abin da ya rage a share. A 1978 Edsger Dijkstra da Leslie Lamport da abokan aikinsu suka buga hanyar yin wannan alama da launi uku, fari da ruwan toka da baƙi. A 1988 kuma Hans Boehm da Mark Weiser suka nuna yadda za a yi aikin a harshe irin C, inda ba a iya bambanta manuni da lambar banza: duk lambar da ta yi kama da adireshi a ɗauke ta a matsayin manuni.

Daga waɗannan tushe uku Catalin Marinas, injiniya a kamfanin ARM da ke Kambirij ta Ingila, ya gina kmemleak. Ya fara gabatar da ita a 2006, aka karɓe ta cikin Linux 2.6.31 wadda ta fito a watan Satumba na 2009. Bambancinta da mai kwashe shara shi ne ita ba ta share kome, rahoto kawai take bayarwa. Wannan shawara ce mai hikima, domin da tana sharewa, zargi guda na kuskure ya isa ya rushe na'ura. Ya kamata kuma a sani kayan aikin masu gyara ce, ana kunna ta lokacin gwaji saboda tana rage gudun na'ura. Amfaninta ga mai waya shi ne a kama yoyon tun kafin manhajar ta iso hannunsa.

4.0 YADDA TAKE AIKI

Domin sauƙin fahimta, mu kwatanta ma'adana da ɗakin ajiyar hatsi a kasuwa. Kowane buhu yana da lamba, mai shi kuma yana riƙe da 'yar takarda mai ɗauke da lambar. Mai gadin ɗaki yana da littafi inda yake rubuta duk buhun da ya shigo, ya soke wanda ya fita. Haka kmemleak take rubuta duk yankin da aka yanka ta hanyar kmalloc ko vmalloc ko kmem_cache_alloc, tare da adireshinsa da girmansa da jerin ayyukan da suka kai ga nemansa.

Lokaci-lokaci sai ta fita sintiri, na farko bayan minti guda da tashinta, sauran kuwa kowane minti goma, sai fa in an umurce ta da wani abu dabam. Takan fara da ɗaukar kowane yanki a matsayin fari, watau abin zargi. Sa'an nan ta bi wasu wurare da aka tabbata rayayyu ne, kamar sashen bayanai na dindindin na zuciya da tulin aikin kowace manhaja, tana karanta su kalma-kalma, bayit 8 a manyan na'urori, bayit 4 a ƙanana. Duk inda ta ga lambar da ta faɗa cikin iyakar wani yanki, sai ta mayar da yankin ruwan toka, ta shiga cikinsa shi ma ta nemi wasu manunai. Haka za ta yi ta bi har jerin masu ruwan toka ya ƙare. Abin da ya saura fari shi take kai ƙara. Rahoton yana ƙunshe da adireshin yankin da girmansa da sunan aikin da ya nema da bayit 32 na farkonsa da kuma hanyar da aka bi aka yanka shi.

A nan ya kamata mu tsaya mu lura da irin hujjar da take kafawa. A shari'a mai da'awa ne ke kawo shaida. Ita kuwa kmemleak shaidarta ita ce "na duba ban gani ba". Ƙarfin irin wannan hujja bai wuce faɗin wurin da aka duba ba da kuma kaifin idon mai dubawa. Daga nan dukan zarginta na kuskure ya samo asali.

5.0 MAFARIN ZARGIN MARAR LAIFI

Mun kasa shi gida huɗu. Na farko, manuni yana nan amma a wurin da sintiri ba ya shiga. Kmemleak ba ta bin sawun manyan shafukan da ake karɓa kai tsaye daga mai raba shafuka, ba ta kuwa karanta abin da ke cikinsu. In wani ya ajiye manuninsa a irin wannan shafi, tamkar mai buhu ne ya bar takardarsa a cikin gida, inda mai gadi ba shi da izinin shiga.

Na biyu, manuni yana nan a fili amma an rubuta shi da wata siga. Yankin ma'adana yana da adireshin da zuciya ke amfani da shi, yana kuma da adireshi na zahiri wanda kayan ƙarfe ke ganewa. Sashen da ke magana da kayan ƙarfe yakan ajiye na zahirin kaɗai, in ya bukaci ɗayan ya lissafo shi. Misalinsa shi ne mai buhu ya rubuta lambarsa da ajami alhali mai gadi boko kaɗai ya iya karantawa.

Na uku, manuni yana kan hanya. Kmemleak ba ta tsayar da na'ura lokacin sintiri, aiki yana ci gaba a sauran furosesoshi. Saboda haka manuni yana iya kasancewa na ɗan lokaci a cikin rajistar furosesa, ko kuwa ya tashi daga wurin da ba a kai ga dubawa ba ya koma wurin da aka riga aka wuce. Mai gadi ya gama layin gabas ya nufi na yamma, mai takarda kuma ya baro yamma ya koma gabas, sun yi saɓani ke nan.

Na huɗu, yankin da aka yanka da niyyar ba za a taɓa mayar da shi ba, kamar wasu da ake nema lokacin tashin na'ura. Wannan a lissafi maraya ne, amma ba ya ƙaruwa, don haka ba ya cutarwa.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Tun da kowace lamba mai kama da adireshi karɓaɓɓiya ce, kuma ko tsakiyar yanki ta nuna an yarda, to tsohuwar lamba da aka manta a wani lungu, ko wata da ta yi kama bisa katari, tana iya tsayawa shaida ga marayan gaske ya tsira. Wannan ya fi yawa a ƙananan na'urori masu adireshi na bayit 4, inda lambobin ba su da yawa, dacewa kuwa ba ta da wuya.

6.0 MAGUNGUNAN DA AKA TANADA

6.1 Jinkiri

Magani na farko shi ne haƙuri. Ba a kai ƙarar yanki sai ya kai daƙiƙa 5 da yankawa. Bayan haka, tun a ƙarshen 2009 aka ƙara wata dabara: duk yankin da aka tarar fari sai a lissafa wani hatimi daga abin da ke cikinsa, da hanyar da ake kira CRC32. In hatimin ya bambanta da wanda aka ajiye a baya, alama ce wani yana taɓa yankin, wanda ke taɓa shi kuwa lalle ya san hanyarsa, saboda haka a ɗage masa har sintiri na gaba. Sabon yanki ba shi da tsohon hatimi, don haka ba ya shiga rahoto a karon farko da aka tarar da shi fari.

Wannan shi ne mafi kyawun abin da ke cikin manhajar a ganinmu. Dalili kuwa shi ne bai dogara da faɗar kowa ba, kuma ba ya wanke kowa har abada. Marayan gaske zai ci gaba da zama fari, cikinsa ba zai motsa ba, komai daɗewa zai bayyana. Abin da aka yi hasara shi ne 'yan mintuna. Rauninsa ɗaya ne: hatimin yana duba cikin yankin ne, ba ya duba mai riƙe da manunin. Idan yankin yana kwance ba a taɓa shi ba, manuninsa ne ke yawo, to dabarar ba za ta cece shi ba. Wannan ne ya sa aka ƙara kmemleak_transient_leak a Linux 6.13 ta farkon 2025, wadda ke goge hatimin domin a ba yankin damar wani zagaye. Shekara goma sha biyar da aka ɗauka kafin a toshe wannan kafa ta nuna matsalar ba ta da magani guda.

6.2 Alamomin hannu

Magani na biyu shi ne marubucin manhaja ya sa baki da kansa. In ya kira kmemleak_not_leak a kan yanki, yankin ya zama ruwan toka na dindindin: za a riƙa duba cikinsa, ba za a taɓa kai ƙararsa ba. In ya kira kmemleak_ignore, yankin ya zama baƙi: ba a duba shi, ba a ƙararsa. Akwai kuma kmemleak_no_scan da kmemleak_scan_area da kmemleak_erase, waɗanda aikinsu shi ne hana lambobin banza tsayawa shaida.

A nan sukarmu ta fi nauyi, kuma tana da fuska uku. Ta farko, wanda ake zargi da sakaci shi ne aka ba ikon wanke kansa. Marubucin da ya gaskata lissafinsa daidai ne, ga kuma rahoto yana damunsa, layi guda ya ishe shi ya rufe bakin mai gadi, kuma manhajar ba ta neman ya kawo dalili. Abin da ke tsakaninsa da wannan shi ne idon masu duba gyararsa kafin a karɓa, su kuwa mutane ne masu tarin aiki.

Ta biyu, wankewar ba ta da wa'adi. Alamar tana iya zama gaskiya a ranar da aka sa ta. Bayan shekara uku wani ya zo ya canza sashen, ya manta da mayar da yankin a wata hanya ta kuskure, yoyon gaske ya fara, alamar kuwa tana nan tana ba da kariya. An yi maganin zargin marar laifi na yau da tsirar mai laifi ta gobe, kuma wannan tsira ba ta da ƙara, babu wanda zai ji ta.

Ta uku, kariyar tana gadon 'ya'ya. Yankin da aka mai da ruwan toka ana ci gaba da bin manunan da ke cikinsa, saboda haka duk abin da yake nunawa, da abin da wancan ke nunawa, duk sun tsira tare da shi. In shi ne kan wani dogon jeri, layi guda ya ɓoye jerin dukansa. Ita kuwa kmemleak_ignore kuskurenta ta ɗaya gefen yake: in ashe akwai manuni a cikin yankin da aka baƙanta, sai 'ya'yansa su wayi gari fari, a sami sabon zargi na kuskure, wanda shi ma sai a so rufe shi da wata alamar.

Akwai hanya mafi tsabta, kuma tana cikin manhajar. Idan matsalar ita ce manuni yana zaune a shafin da ba a dubawa, ana iya shigar da shafin cikin littafin da kmemleak_alloc, a nemi a riƙa duba cikinsa. Ta haka an buɗe wa mai gadi ƙofar gidan ya ga takardar da idonsa, kuma ranar da takardar ta ɓace da gaske zai sani. Wannan hanya ta fi wahala, domin tilas marubuci ya gano ainihin inda manunin yake. A ganinmu wahalar ita ce amfaninta, domin wanda ya kasa nuna inda manuninsa yake bai tabbatar cewa zargin kuskure ne ba.

6.3 Umurnin sharewa

Mai gwaji yana iya ba da umurnin clear, wanda ke mayar da duk abin da ke cikin rahoto ruwan toka domin a fara da sabon shafi. Yana da amfani in ana son auna wani sashe guda: a share, a gudanar da sashen, a yi sintiri, a ga abin da ya ƙaru. Haɗarinsa shi ne ya zama al'ada, mutum ya riƙa sharewa kafin ya karanta. Da an sa manhajar ta riƙa ajiye lissafin abin da aka share da inda aka yanka shi, da an rage wannan haɗari.

6.4 Takardar bayani

Takardar da ke bayyana kmemleak a cikin kundin Linux gajeriya ce, kuma ta yi gaskiya da ta amsa cewa manhajar tana kuskure iri biyun nan. Amma ta daɗe tana ɗauke da saɓani guda biyu. A wani wuri ta ce duba tulin aiki a kunne yake tun asali, a wani wurin ta ce ba a kunne yake ba, alhali a cikin manhajar a kunne yake. Ta kuma ba da mafi ƙarancin shekarun yanki daƙiƙa 1, alhali manhajar daƙiƙa 5 take aiki da shi. Ga gwani wannan ƙaramin abu ne, zai buɗe manhajar ya duba. Ga ɗalibi kuwa, wanda takardar ce malaminsa, babban abu ne, tun da duka biyun sun shafi sashen da ke koya masa rarrabe zargin gaskiya da na kuskure.

7.0 WANE KUSKURE YA FI TSADA?

Mu sake ƙaddarawa. A ce akwai yankuna 100,000 a cikin littafi, 10 daga cikinsu marayu ne na gaske, mai gadi kuma yana kuskure sau ɗaya kacal a cikin dubu. Zai kawo sunaye kusan 110, ɗari na banza, goma na gaske. Watau duk da ƙwarewarsa, a cikin kowane zargi 11 guda ɗaya ne gaskiya. Mai gyaran da ya bi biyar a jere ya tarar babu kome, da wuya ya bi na shida. Masu kamfanin Coverity, a wata maƙala da suka buga a 2010 game da kayan bincikensu, sun bayyana irin wannan: rahoton kuskure yana zubar da mutuncin kayan aiki, har mutane su daina gaskata rahotonsa na gaskiya. Mu da muka fito daga ƙasar da zargi ba tare da tabbaci ba ya sha jawo hasarar rayuka, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan cewa yawan zargin banza yana cutar da marar laifi, yana kuma ba mai laifi wurin ɓuya.

Saboda haka muna goyon bayan Marinas da ya karkata ga sassauci, ya yarda wasu marayu su tsira da a cika rahoto da hayaniya. Hujjarsa mai ƙarfi ce: yoyon da ke cutarwa shi ne mai maimaituwa, lambar katari kuwa tana iya ɓoye yanki ɗaya ko biyu, ba ta iya ɓoye dubu. Amma fa wannan hujja ta tsaya ne ga tsirar da katari ya jawo. Tsirar da alamar hannu ta jawo tana rufe kowane yanki da aka yanka a wannan layi, na farko da na dubu.

Abin koyi a nan shi ne syzkaller, manhajar gwaji da Dmitry Vyukov na kamfanin Google ya fara, wadda ke jefa wa zuciyar Linux umurni barkatai domin tono kurakurai. Idan tana aiki da kmemleak ba ta karɓar rahoton farko. Takan sa a yi sintiri, ta dakata, a sake, in an ga wani abu ta ƙara dakatawa a sake, sai abin da ya tsaya bayan wannan duka take kai wa mutane. Ta zaɓi maimaita tambaya a maimakon rufe bakin mai amsa.

Akwai wani gibi da dukan magungunan ba su cike ba. Rahoton yana faɗin inda aka yanka yankin, ba ya faɗin inda manuninsa ya ɓace. An nuna mana inda aka haifi maraya, ba a nuna mana inda aka yar da shi ba. Tsakanin waɗannan wurare biyu aikin ɗan Adam ne, kuma a nan ne ake yanke hukuncin ko zargin gaskiya ne.

8.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata muna ba da shawara huɗu. Na ɗaya, kada a kira rahoto kuskure sai an maimaita sintiri an kuma duba ko adadin yana ƙaruwa da maimaita aikin, domin ƙaruwa ita ce babbar alamar yoyon gaske. Na biyu, kada a kira shi kuskure sai an nuna da yatsa inda manunin yake da kuma layin da zai mayar da yankin. Na uku, a fifita nuna wa manhajar wurin manuni a kan hana ta magana. Na huɗu, in alamar hannu ta zama tilas, a rubuta dalilinta a gefenta, domin wanda zai zo daga baya ya san sharaɗin da aka gina ta a kai.

Mu da ke koyar da malaman gobe a kwalejojin ilmi mun lura ɗalibai sukan kasu biyu a gaban na'ura: masu gaskata duk abin da ta faɗa, da waɗanda in ta yi kuskure sau ɗaya sun daina sauraronta. Kmemleak misali ce mai kyau ta koya musu hanya ta uku, watau su tambayi a ina na'urar ta duba, ina ne ba ta duba ba, kuma da wace hujja ta yi magana. Linux kyauta ce, kowa yana iya karanta cikinta, tsohuwar kwamfuta guda ta isa a yi wannan gwaji a Gusau ko Maru kamar yadda ake yi a ko'ina. Hukuncinmu a taƙaice shi ne, manhajar ta yi daidai inda ta yi haƙuri ta sake dubawa, ta yi rauni inda ta karɓi faɗar mutum ba tare da wa'adi ko dalili ba. Muna kuma roƙon mahalarta wannan taro su duba kalmomin da muka ƙirƙira a nan, su gyara waɗanda ba su zauna ba, domin a sami daidaitattun kalmomi na koyar da wannan fanni da Hausa.